Bayan Mako Na Tara: Abin Yi Idan Gudu Ya Fara Yi Maka Nauyi

Ranar da ƙanina ya kammala shirin nan na koyon gudu na mako 9, rana ba ta gama fitowa ba ya turo mini hoton fuskar wayarsa: minti 30 cif, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Mutumin da a makon farko in ya yi gudun minti ɗaya sai ya nemi bango ya dafa. Na taya shi murna har zuci. Bayan mako biyu muka haɗu da sassafe a Dandalin Murtala da ke Kaduna, muka tashi tare. Ba mu kai minti 11 ba ya ja ya tsaya, ya dafa gwiwoyinsa, gumi na ɗiga daga haɓarsa yana ɓacewa cikin ƙura. Da numfashi ya dawo masa sai ya ce, "Yaya, wallahi ban san me ya same ni ba. Kamar ba ni ne na yi rabin awa rannan ba. Ko dai sa'a kawai na taka?"

Na ce masa babu wata sa'a, shi ne ya yi da ƙafarsa. Amma na gane abin da ke damunsa, domin a wannan gaɓar ce mutane da yawa ke rataye takalminsu, bayan sun sha wahalar wata biyu. Abin yana yi mini ciwo, saboda a mafi yawan lokuta matsalar ƙarama ce, kuma maganinta na hannun mai gudun.

Shirin da nake magana a kai shi ne wanda ake kira Couch to 5K, wato tashi daga kan kujera zuwa gudun kilomita 5. Wani Ba'amurke mai suna Josh Clark ne ya tsara shi a 1996, daga baya hukumar lafiya ta Birtaniya, NHS, ta rungume shi ta yi masa manhaja, wadda ita ce yawancinmu muka sauke a waya. Fita uku ake yi a mako. A makon farko gudun daƙiƙa 60 ne, sai tafiyar daƙiƙa 90, a yi ta maimaitawa. A ƙarshen mako na 5 ake yin minti 20 babu tsayawa, mako na 7 minti 25, na 8 minti 28, na 9 minti 30. Daga nan muryar da ke kunnenka ta yi maka barka, ta sallame ka.

To, lura da wani abu. Sunan shirin ya ce kilomita 5, amma abin da ya koya maka minti 30 ne. Kafin mutum ya ci kilomita 5 a rabin awa sai yana cin kowace kilomita a minti 6, kuma wannan sauri ne na gaske ga wanda bai fi wata biyu da farawa ba. Yawancin waɗanda na sani suna gama mako na 9 ne a kan kilomita 3 da rabi zuwa 4. Sai mutum ya duba waya ya ga bai cika biyar ɗin ba, ya ji kamar ana bin sa bashi, washegari ya fita da niyyar biya. Abin da ƙanina ya yi ke nan. Da na duba lissafin wayarsa, ranar da ya yi minti 30 yana cin kilomita a kusan minti 8 ne. Ranar da ya ƙone kafin minti 11 kuwa, kilomitarsa ta farko a minti 6 da 'yan daƙiƙu ya cinye ta. Sauri ya haifi nawa. Duk tsawon makonnin nan manhajar ce ke riƙe masa linzami, tana ce masa ya sassauta, tana ce masa ya taka. Da aka sakar masa linzamin sai ya zabura.

Saboda haka abu na farko, kuma mafi girma, shi ne ka rage sauri. Ka rage fiye da yadda kake jin ya kamata. Ma'aunin da na fi yarda da shi ba ya buƙatar agogo: ka gwada gaisawa kana cikin gudu. Idan wani ya ce maka ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, ka iya amsa masa duka har ka mayar masa da tambaya ba tare da maganar ta tsinke ba, to kana kan daidai. Idan kuwa "lafiya" kawai ke iya fita, sai ka ja numfashi kafin "lau" ta biyo, ka wuce gona da iri. Idan kai kaɗai ne, ka faɗi jimla mai tsawo a bayyane ka saurari kanka. Ka gajarta taku, ƙafarka ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka maimakon ka riƙa wurga ta can gaba. Ka saki kafaɗu. Sassarfa ake nufi, irin wadda mai tafiya da sauri zai iya jerawa da kai na ɗan lokaci.

Na san inda gizo ke saƙar: kunya. Kana lallaɓawa a gefen titi, ɗan acaɓa ya wuce yana kallonka, wani matashi ya zo ya shige ka kamar iska, sai ka ji ƙafarka ta ƙara wuta da kanta. Amma manyan 'yan tsere na duniya ma a sannu suke yin mafi yawan atisayensu. Stephen Seiler, masanin kimiyyar motsa jiki da ke aiki a Norway, ya bibiyi yadda zakarun wasannin juriya ke horo, ya ga kusan kashi 80 cikin 100 na fitarsu cikin sauƙi suke yi, kashi 20 ne kawai na matsa lamba. Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi gudun famfalaƙi na kilomita 42 a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Vienna a watan Oktoban 2019, yana cin kilomita a minti 2 da daƙiƙa 50 a ranar, amma a ranakun sauƙi shi da abokan horonsa a Kaptagat da 'yar sassarfa suke fara fita. Dalilin kuwa a cikin jiki yake. Gudu a hankali ne ke ƙara yawan ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya ƙarfafa zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a bugu guda, kuma yana yin haka ba tare da ya bar ka a galabaice kwana biyu ba. Wanda ke matsa wa kansa a kowace fita gajiya yake tarawa, ribarsa kaɗan ce.

Akwai kuma gajiyar da ka riga ka tara ba ka sani ba. Duba makonni uku na ƙarshen shirin: kowace fita ita ce gudu mafi tsawo da ka taɓa yi a rayuwarka, ko dab da hakan. Fita tara a jere a kan iyakar ƙarfinka. Zumuɗin kammalawa ne ya ɗauke ka, da ya wuce sai jiki ya kawo takardar bashi. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa wa sababbin masu gudu ba: zuciya da huhu suna sabawa cikin makonni, amma jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi, da ƙashin kansa, watanni suke ɗauka. Shi ya sa ƙwauri ke fara zogi, gwiwa ta fara magana, dunduniya ta yi tsami da safe. Ka gama shirin, amma ƙafafunka har yanzu na ɗan koyo ne, kuma haka za su kasance na wani lokaci. Idan ka ji ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata buhun yashi fita biyu ko uku a jere, ka ɗauki hutun kwana huɗu ko biyar, ka yi tafiya kawai. Ba abin da zai zube. Sai an yi makonni ba a motsa ba ƙarfin numfashi ke fara raguwa sosai.

Sannan ka dawo da tafiya cikin gudunka, kada ka ɗauke ta a matsayin komawa baya. Jeff Galloway, wanda ya wakilci Amurka a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1972, ya shafe shekaru yana koyar da haɗa gudu da tafiya, kuma mutane ba adadi sun gama gudun famfalaƙi da wannan hanyar. Sirrin shi ne ka taka tun kafin ka gaji. Ka tsara tun daga gida: gudun minti 8, tafiyar minti 1, sau uku ko huɗu. Tafiyar da ka shirya da kanka hutu ce mai daɗi. Wadda haki ya tilasta maka kuwa, ita ce ke karya zuciya. Ko kuma ka buɗe manhajar ka koma mako na 5 ko na 6 ka maimaita su. Babu wanda ya ce sau ɗaya ake bi ta wurin.

Ga yadda na tsara wa ƙanina watansa na farko, kuma shi nake ba duk wanda ya tambaye ni. Fita uku dai a mako, da ranar hutu a tsakani. Ta farko gajera ce, minti 20 a hankali, a dawo gida ana jin da saura. Ta biyu gudu da tafiya a haɗe, kimanin minti 25. Ta uku, wadda ya fi kyau a ajiye ta ranar da babu gaggawar fita aiki, ita ce ta minti 30, kuma ita ce za a fi yi a sannu. A yi haka mako huɗu ba a ƙara komai ba. Mutane ba sa son jin wannan, suna ganin tsayawa wuri ɗaya ne, alhali a lokacin ne jiki ke mayar da minti 30 abin yau da kullum. Bayan watan sai a fara ƙara wa fita ta uku kaɗai minti 3 zuwa 5 a mako, sauran biyun a bar su yadda suke, kuma duk mako na huɗu a rage a huta. Da haka kilomita 5 za ta zo da kanta, a minti 38 ko 40 ko 45, duk ɗaya ne. Sauri kuwa sai daga baya: idan minti 30 ta daina ba ka tsoro, a ƙarshen gajeriyar fitarka ka zaɓi falwaya biyu a gefen hanya, ka ɗan ƙara wuta daga wannan zuwa waccan, kamar daƙiƙa 20, ka taka har numfashi ya daidaita, ka sake. Sau huɗu ya isa.

Kada ka yanke wa fita hukunci a minti 10 na farko. Lokacin da ka tashi da gudu tsoka na neman iskar oksijin nan take, amma zuciya da huhu sai sun ɗauki 'yan mintuna kafin su kamo ta. A wannan tazarar ne kake jin ƙirji ya cushe, ƙafa ta ƙi, zuciya na raya maka ka juya gida. Waɗanda suka shekara goma suna gudu ma suna jin haka. Manhajar tana sa ka tafiyar minti 5 kafin kowane gudu. Da yawa suna yar da wannan da zarar sun gama shirin, sai su fito daga ƙofar gida su tashi a guje da jiki mai sanyi. Ka mayar da tafiyar nan, sannan kilomitarka ta farko ta zama ita ce mafi nawa a cikin duka.

Yanzu ga abin da manhajar da aka yi a Ingila ba za ta gaya maka ba. Mako 9 ya fi wata biyu, kuma a ƙasarmu wata biyu ya isa yanayi ya juye gaba ɗaya. Wanda ya fara a farkon Janairu cikin sanyin hunturu, a Maris zai gama, daidai lokacin da bazara ke kunno kai. Ƙanina haka ya yi. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin Afrilu kan haura digiri 40, kuma ko da asuba iskar ba ta gama hucewa ba. A cikin zafi jiki na karkatar da jini zuwa fata don ya sanyaya kansa, sai zuciya ta ƙara bugu a kan gudun da jiya ba ya wahalar da ita. Ƙarfinka na nan, aikin ne ya ƙaru. Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da zafi, ko bayan ya saba ɗin ma ba za ka yi saurin da kake yi a Disamba ba. Ka fita da an idar da sallar asuba, ka sha ruwa sosai tun daren jiya, ka duba fitsarinka da safe: in ya yi ja kamar shayi, jikinka a bushe yake. Da damina kuma laimar iska ce ke hana gumi bushewa. Da hunturu ƙura ce, wadda ke tayar wa masu asma da ciwonsu; ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen layi, ka haƙura. Idan azumi ya shigo, ka rage tsawo da sauri duka biyu, ka mayar da fitar bayan buɗa-baki da awa biyu ko bayan asham. Wata guda na lallaɓawa ba zai rushe abin da ka gina ba.

Barci da abinci ma suna da hannu. Daren da babu wuta, zafi da sauro suka hana ka runtsawa, kada ka yi mamaki in gudun safe ya yi ɗaci. Wasu suna jin daɗin fita da cikin wofi, wasu kuwa jiri ke ɗibarsu. In kana cikin na biyun, dabino biyu ko uku, ko ayaba ɗaya, rabin awa kafin fita sun wadatar. Koko da ƙosai kuwa a bari sai an dawo. Sau biyu a mako kuma ka ba ƙafa ƙarfi a tsakar gida: ka tsuguna ka miƙe sau 10, ka huta, ka maimaita sau uku, ka tsaya a bakin dakali da yatsun ƙafa, dunduniya na reto, ka ɗaga ka sauke a hankali sau 15. Minti 10 ne duka, amma sharaɓa da gwiwa za su gode maka. In akwai hanyar burji ko fili kusa da kai, ka riƙa sauya ta da kwalta.

Akwai inda rage sauri ba ya magani, kuma nan ina roƙon a ɗauki maganar da muhimmanci. Idan ka sassauta, ka huta, ka yi barci, amma har mako uku kana haki a kan abin da da ba ya sa ka haki, har hawa bene ya fara gagararka, ka je a auna jininka. Ƙarancin jini ya yi yawa a cikinmu, musamman ga mata masu zubar da jini da yawa a lokacin al'ada da waɗanda ba su daɗe da haihuwa ba. Jini ne ke ɗaukar iska zuwa tsoka. In ya yi ƙasa, duk ƙwazonka ba zai cike gurbin ba. Zazzaɓin cizon sauro ma yana fasa ƙwayoyin jini, shi ya sa wanda ya tashi daga zazzaɓi kan yi makonni ƙafarsa ba ta dawo ba, ko da ya ji ya warke. Hanta, nama, wake, zogale da alayyafo suna taimakawa, kuma shan shayi a kan abinci yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe, don haka a raba su da awa ɗaya ko biyu. Amma a bari gwaji ya nuna kafin a fara sayen maganin ƙarin jini. Haka nan kowa ya san nau'in ƙwayar halittar jininsa, wato genotype. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, wato yana ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba. Irin waɗannan suna gudu lafiya lau, sai dai matsa wa kai cikin tsananin zafi da ƙishirwa ya fi yi musu haɗari. Mai sikila kuwa, sai da shawarar likitansa.

Ciwon ƙirji, jiri, duhun ido, bugun zuciya da ke tsalle ba bisa ƙa'ida ba, ko suma: ka tsaya nan take, kuma kada ka sake fita sai likita ya duba ka, balle in kana da hawan jini ko ciwon suga. A ƙafa kuma ka bambanta tsamin jiki da rauni. Tsami yana bazuwa ko'ina a tsoka, yana sakin ka in jiki ya ɗumama. Ciwon da ke wuri guda a kan ƙashin ƙwauri, wanda za ka iya nuna shi da ɗan yatsa, yana ƙaruwa kana gudu har ya sa ka ɗingishi, zai iya zama tsagewar ƙashi. Ba a jure wa wannan.

Saura zuciya. Mako tara kana da abin da kake hari, kowace fita da lambarta, ga murya tana yaba maka. Yanzu ka fito babu kowa, babu abin da za ka ci. Dole gudun ya yi salam. Ka nema wa kanka sabon abin hari, ƙarami wanda ke hannunka: fita 12 a wannan watan, ka riƙa sa alama a kalandar bango inda iyali za su gani. Ka canza hanya. Ka nemi aboki, domin alkawarin haɗuwa da wani a bakin masallaci ya fi ƙararrawar waya tayar da mutum. A Landan, a 2004, mutum 13 ne suka fara haɗuwa a Bushy Park suna gudun kilomita 5 ranar Asabar kyauta, abin da ya zama parkrun da ake yi yau a ƙasashe da dama; mutum uku a unguwa ma sun isa su fara irin nasu. Mai son babban buri kuma, gasar gudun famfalaƙi ta Legas da ake yi tun 2016 tana da ɓangaren kilomita 10, akwai kuma tseren kilomita 10 na Okpekpe a Jihar Edo. In kuwa lafiya kawai kake nema, ka san cewa Hukumar Lafiya ta Duniya minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi ta shawarci babba ya yi a mako. Fita uku ta rabin awa ta riga ta kai ka ciki. Ba dole ba ne ka ƙara ko minti ɗaya.

Ka kuma ajiye ɗan littafi. Bayan kowace fita ka rubuta layi ɗaya: minti nawa, yaya barcin jiya, yaya zafi, yaya ka ji. Da na sa ƙanina ya yi haka, cikin mako uku ya gano da kansa cewa duk fitarsa mai ɗaci ranar Litinin take faɗowa, bayan ya kwana kallon ƙwallo ranar Lahadi. Ya mayar da ita Talata.

Mako bakwai bayan ranar da ya dafa gwiwa, muka sake fita, an yi ruwan farko da daddare, ƙasa na ƙamshi. Na hana shi duba waya. Tun daga tashi yake ba ni labarin rigimar da ake yi a wurin aikinsu kan canjin ma'aikata, ina jefa masa tambaya da gangan don in ji ko maganar za ta tsinke. Ba ta tsinke ba. Sau ɗaya muka taka, na minti ɗaya, a inda ruwa ya kwanta a hanya. Da muka tsaya ya ciro wayar daga aljihu: kilomita 5 da 'yan mitoci, minti 39. Ya dube ta, ya mayar aljihu, ya ce, "Yaya, tsaya in ƙarasa maka, ai ba ka ji abin da shugaban sashen ya ce ba."